Jinyar Hannun Sama'ila Mai Fenti

Da sunan Allah, wanda bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Sunana Rakiya. Ina sayar da kopto, wato kwaɗon zogale, a bakin tashar Kore Mairuwa, kuma ni ce matar Sama'ila mai fenti. In kun taɓa ratsa garinmu kuka ga an zana kan mutum a ƙofar mai aski, ko butar shayi tana tururi a jikin rumfa, to aikin mijina ne. Na kawo labarin jinyarsa ne saboda masu sana'a irin tasa da matan da suke aure, domin in kunne ya ji, jiki ya tsira. Wanda ya ga faɗa ya yi yawa a ciki ya yi haƙuri, haka Allah ya yi ni.

Sama'ila ya koyo fenti ne a wajen ci-rani, can tsallaken iyaka, ya dawo ya yi shekaru yana zana kawunan aski da gasassun kaji. Mutanen gari ba su ɗauke shi a bakin komai ba, mai shafe-shafe suke ce masa. Sai bara da kaka matan lambu suka kewaye lambunsu da doguwar katanga saboda awaki, fuskarta tana kallon titi. Shugabarsu, Inna Hannatu, wata dattijuwa Kirista wadda ta koyar da rabin garin nan a lakkwal, wato makarantar boko, ta aiko a kira shi. Ta ce su yake so ya zana a jikin katangar, su kansu, da gugunansu da albasarsu, don mai wucewa ya san akwai mata a garin. Ranar ya shigo gida da takalmi har tsakar ɗaki, yana cewa yau garinsu ya san da zamansa. Na taya shi murna, na kuma ce ya fitar mini da takalmin.

Aikin bai zo da sauƙi ba, don kowace mace so take a yi ta ta fi ta kusa da ita cika zane. Da aka zo kan idanu kuwa, suka taru suka ce baƙin fentin gwangwani ya sa idanunsu kamar na busasshen kifi. Sai gogan naku ya yi dabara. Ya je kasuwa ya sayo duwatsun kwalli, irin wanda muke sa wa a ido, ya riƙa dakawa yana kwaɓawa da mai. Idanu suka fito suna ƙyalli, mata suka yi ta guɗa. Rawaya da ja kuma ya samo su da araha a wasu gwangwanaye marasa suna, a hannun masu fentin mota. Kuma yana da wata ɗabi'a da ya ɗauko wajen maigidansa na can: duk sanda ya tsoma ƙaramin burushi, sai ya sa bakinsa a tsakanin leɓɓansa ya tsotse, wai don ya yi tsini. Na sha yi masa magana, ba don na san da wata illa ba, sai don kullum bakinsa kamar na yaron da ya ci alli.

Ciwon ya fara ne da cin mutuncin miyata. Wata rana ya kai loma ya tsaya, ya ce, "Rakiya, mi kinka sa cikin miyag ga? Kamar ƙusa nika tsotso."

Na ce, "Ƙusa ta, Baban Nana. Gobe in sa maka guduma."

Ni da mutane suke bin layi a kan koptona, a ce miyata ƙusa! Na yi kwanaki ina ba shi abinci ba tare da na dube shi ba. Ashe bawan Allah gaskiyarsa yake faɗa. A makon nan bayan gida ya ƙi, ciki ya kama murɗa har yana durƙusawa, ga ciwon kai, ga faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Muka je ƙaramin asibitin da ke kusa da mu aka ce palu ce, wato zazzaɓin sauro, aka ba mu ƙwayoyi. Ya sha, palun da babu ita ta warke, ciki yana nan yadda yake.

A mako na biyu aka ce tsutsar ciki ce, daga baya aka ce gyambon ciki. 'Yan'uwa da maƙwabta kuma kowa ya zama likita. Wannan ta kawo jiƙon tsamiya, wancan ya kawo saiwar sabara, wani ya ce ya daina shan shayi, mai shayi ya aiko ya ce ya ƙara. Wata maƙwabciya ta dafa masa filasko mai yawan da zai wanke cikin raƙumi. Ya yi aiki kam, ba zan yi mata ƙarya ba, mun wuni muna kai buta. Da ya ɗan ji dama sai ya lallaɓa ya koma katanga, ya ci gaba da tsotson abinsa.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. A mako na uku yana kan tsani, burushi ya suɓuce masa. Ya sauko ya ɗauka, ya sake faɗuwa. Kafin magariba hannunsa na dama ya langaɓe daga wuyan hannu, yatsu suna reto, in ya ce ya ɗaga su sai dai ya bi su da kallo. Ya zauna a bakin gado yana tallabe da shi da na hagu. Nan na manta da zancen miya, tsoro ya kama ni sosai, don hannun nan shi ne gonarmu, shi ne kuma abin da Sama'ila yake taƙama da shi a duniya.

Washegari gida ya cika. Mutum biyu ne suka fi kowa murya. Akwai Gwaggo Dije, ƙanwar mahaifinsa, 'yar bori ce tun tana budurwa. Akwai kuma yayansa, Yaya Bashiru, mai shagon kayan waya, mutumin wa'azi ne, wandonsa bai taɓa gaisawa da idon sawunsa ba. Su biyun nan sun yi shekaru ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, sai a kan hannun mijina.

Gwaggo ta juya hannun ta saki, ta ce, "Wagga ba cutar likita ba ta. Doguwa ta. Tsamiyar da ke bakin lambun nan gidanta na tun kakanninmu. Ka tashi ka zane matan gari duka, ka bar mai wurin. Ko ni ta, sai in yi hushi."

Yaya Bashiru ya ce, "Gwaggo, ki ji tsoron Allah. Babu wata doguwa babu gajera. Na sha gaya mishi zanen mai rai haramun na. Ga shi nan, hannun da ya yi aikin shi anka kama."

Ta ce, "To ai magana guda muka yi, ɗan nan. An kama shi."

Ni dai mai neman lafiya ba ya zaɓen ƙofa, na karɓi na kowa. Gwaggo ta turara ɗakin har Nana, 'yarmu, ta gudu gidan maƙwabta tana tari. Ta ce a ba Doguwa baƙar akuya, na ce ba mu da ita, muka yi ciniki aka sauko kan baƙar kaza. Yaya Bashiru ya kawo zuma da habbatus-sauda, ya ajiye waya a kan matashin Sama'ila tana karatu ba dare ba rana. In Gwaggo ta shigo sai ta rage muryar wayar, in Yaya ya shigo sai ya fitar da kaskon turaren waje. Mara lafiya yana kwance a tsakani, ba mai tambayarsa shi me ya gani.

Inna Hannatu ce ta raba gardamar. Ta zo da kunu, ta ce sun yi masa addu'a a majami'a ran Lahadi, ta zauna ta yi masa wata. Da ta ce amin sai ta ɗan matso ta ce, "Sama'ila ɗana, ba don komi ba, ka san ka bar ni da ido guda, ba baki. Jikokina sun daina biyawa ta lambu." Gaskiya ne, ciwon ya same shi yana tsakiyar fuskarta, ita da wasu mata da suka rage. Karon farko ke nan da ya yi dariya tun da hannun ya faɗi. Ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini abin da matan lambu suka tara, ta ce mu tashi mu je babban asibiti tun abin bai gagara ba. Allah ya saka wa matan nan da alheri.

Muka kama hanya da sassafe a motar da ta ɗauko raguna fiye da mutane. Babban asibiti kuwa, in ba ka je ba kada ka ce ka san layi. Akwai layin yankar tike, akwai layin nuna tiken da ka yanka, akwai layin da ka gama bi sannan a ce maka ba shi ba ne. Sama'ila yana murƙususu a kan benci, ni ina faɗa da wata mata da ta ce ta ajiye takalminta a gabana tun jiya. Aka ba shi gado, ni na samu gindin bedi, wato darbejiya, tare da sauran masu jinya, muna dafa abinci a kan duwatsu muna ba juna labarin cututtuka. Kowace safiya sai an miƙo ordinansi, takardar sayen magani, wadda ta fi ta jiya tsawo. Kuɗin matan lambu suka ƙare, na aika aka sayar da tunkiyata. An auna jini, an auna fitsari, an ɗauki hoton ciki, abin da aka gano kawai shi ne jininsa ya yi ƙasa. Amma ba zan ci amanar ma'aikatan ba. Akwai wani majo, wato ma'aikacin jinya, da ya riƙa tallabe shi zuwa ban-ɗaki in na fita sayen magani, bai taɓa ɓata fuska ba.

A mako na biyu a can aka kawo wata likita, yarinya ce ƙarama da tabarau, Hausarta a cakuɗe da Zabarmanci da Faransanci. Na raina ta da gani, na ce a raina an turo mana 'yar lakkwal. Ta daɗe tana duba hannun, sannan ta tambaye ni abin da yake ci a gida. Ni kuma dama a cike nake.

Na ce, "Likita, mi yaka ci? Ni da ke dahwa mishi ya ce miyata ƙusa ta. Hwenti yaka ci! Tun sahe har marece burushi na cikin bakinai kamar ɗan yaye."

Sama'ila ya harare ni. Ita kuwa ta ajiye biro, ta ce in maimaita a hankali. Na maimaita, har na ƙara da zancen kwalli da gwangwanayen nan marasa suna, tunda an ba ni fili. Ta sa ya buɗe baki, ta ɗaga leɓensa, ta kira ni in gani. Ga wani siririn layi shuɗi-shuɗi a dadashinsa, daidai gindin haƙora. Ta ce da Faransanci, "Plomb." Sannan ta yi mana bayani da Hausa, ta ce dalma ce. Tana cikin dutsen kwalli irin wanda ya daka, tana cikin wasu fentin masu araha, ta taru a jikinsa kaɗan-kaɗan har ta taɓa jijiyar hannu. Akwai maganarta da ba zan manta ba. Ta ce, "Malam, kai da katangar nan tarayya kuka yi, rabin fenti nata, rabi naka. Sai dai ita ba ta da hanji."

Aka aika jininsa Yamai, amsa ta dawo ta gaskata ta. Ƙwayoyin da ke fitar da dalma babu su a kusa, kuma tsadarsu ta fi ƙarfin mai kopto. Yaya Bashiru ne ya rufe shagonsa ya je ya nemo su da kuɗinsa. Ya miƙo mini yana cewa dalma ko ba dalma ba, ishara dai ishara ce. Na karɓa na yi godiya na haɗiye amsar da ta zo mini, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne a wajena. Ƙwayoyin warin ruɓaɓɓen ƙwai suke, har zufarsa ta ɗauka, maƙwabcin gadonsa ya roƙi a canza masa wuri. Aka auna ni da Nana, Allah ya tsare. Likita ta hana mu sa wa yara irin kwallin nan a ido, abin da ya jawo mini rigima da Gwaggo har yau.

Muka dawo gida da wani ɗan katako da aka ɗaure masa a wuyan hannu. Likita ba ta ɓoye mana ba, ta ce hannun zai iya dawowa bayan watanni, zai iya kuma dawowa rabi. Ciki ya lafa, ya koma cin tuwo har yana neman ƙari, ya kuma janye maganarsa a kan miyata a gaban shaidu. Amma hannu shiru. Kullum ina gasa shi da ruwan ɗumi, ina lanƙwasa yatsun ina miƙewa yadda aka koya mini, shi kuwa yana kallon bango. Yaya Bashiru ya ɗauke shi zaman shago, yana miƙa caja da hannun hagu. Masu ce masa mai shafe-shafe suka koma ce masa mai hannu. Wata rana da la'asar ya ce mini, "Rakiya, in ba ni zane, to ni wa na?" Na ci gaba da lanƙwasa masa yatsun. Na fi jin tsoron shirun nan nasa a kan ciwon cikin duka.

Da sanyi ya fara ja baya, Inna Hannatu ta gaji da zama da ido ɗaya. Ta zo ta ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a lambu akwai hannuwa da yawa da ba su da aiki da hantsi. Shi ya zauna ya ba da umarni, su su shafa. Fentin gwangwani kuwa an sallame shi. Gwaggo Dije ta tuna musu yadda iyayenmu suke yi wa ɗakin amarya ado da jar ƙasa da farar ƙasa da gawayi da baban rini, a kwaɓa da ƙaro don ya kama. Ta je ta gaida tsamiya tukuna, ta dawo ta ce mai wurin ta yarda. Aka kifa masa turmi ya zauna, mata suka hau aiki da tsumma da tsintsiya, yana ta ihu. Albasa ta fito ta fi kan mai ɗauke da ita girma, wani jaki ya tashi da ƙafa biyar, mai shi ta ce ba za a goge ba, don ya fi sauri. Amma na ga mijina yana faɗa yana dariya, na san ya fara dawowa.

Sai aka zo kan fuskoki, kowa ya ja da baya. Ya miƙe ya karɓi ƙaramin burushi. Da katakon nan hannun ba ya juyawa, in an cire shi kuma sai ya faɗi. Ya gwada da hagu, bakin Inna Hannatu ya nufi kunnenta. Ya goge ya sake, ya goge ya sake. Daga nan ya zauna a ƙasa a gaban matan gari ya sa kuka, kuka na gaske mai sauti. Ni ma na juya ina share nawa da bakin mayafi.

Daidai nan Yaya Bashiru ya iso a kan babur, ya zo ɗaukarsa zuwa shago. Ya kashe babur ya tsaya yana kallon ƙaninsa a ƙasa. Na ɗaura ɗamara, na ce yau in ya buɗe baki da wa'azi sai an raba mu. Sai kawai ya sunkuya. Ya ɗaga Sama'ila, ya kwance katakon, ya tallabe wuyan hannun da tafinsa, ya kai shi jikin katanga. Sannan ya juya fuskarsa can wajen titi.

Ya ce, "Ku shaida, ni ban ga komi ba, ban kuma ce halal na ba. Hannun ƙanena nika riƙo."

Da aka tallabe wuyan hannun sai yatsu suka kama burushi. Sama'ila ya tsoma a gawayi, kuma wallahi sai ga shi ya nufi baki da shi. Mata suka sa ihu gaba ɗaya, ni na kai masa ludayi a ƙeya. Ya dawo hayyacinsa ya murza tsinin da yatsun hagu, ya fara ja a hankali. Duk layin da ya ja, sai Yaya Bashiru ya ce astagfirullah, amma hannunsa yana bin na ƙanin duk inda ya nufa. Ido na biyu ya fito. Aka gangaro hanci. Can sai muka ji mai kallon titi ya ce, "Kai, ka yi hagu da yawa. Hancin Inna bai karkace haka ba."

Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, da ƙeya kaka gani?"

Ashe madubin babur ɗinsa yana daidai saitin katangar. Inna Hannatu ta yi dariya har ta zauna a cikin kwamin albasa.

To jama'a, ga gargaɗina. Mai fenti ya raba burushi da bakinsa, ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci, ya guji gwangwanin da ba a san asalinsa ba. Mace kuma in mijinta ya ce abinci yana ɗanɗanon ƙarfe, ta yi fushinta, hakkinta ne, amma ta kai shi asibiti, ta kuma faɗa wa likita sana'arsa tun ba a tambaye ta ba. Da mun yi haka da tunkiyata tana nan. Ina godiya ga likitar nan da na raina, da majo, da matan lambu, da Gwaggo duk da ta ci kazata. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya ba masu jinya haƙurin da ni ban samu ba.

An gama katanga, yanzu har masu mota suna tsayawa su ɗauki hoto. An kira Sama'ila wani aikin a kasuwa, kuma kullum bayan la'asar Yaya Bashiru yana zuwa, wai ya zo yi masa nasiha. Sai ya kafe babur, ya gyara madubi, ya kama wuyan hannun ya juya kai. Hannun nan ya daɗe da iya tsayuwa da kansa, yatsu biyu ne kawai suka rage da nauyi. Sama'ila bai gaya masa ba, ni ma da bakin nan nawa ban gaya masa ba, kuma ina kyautata zaton ya sani.